Kafin ka ɗora gatari ko ka kafa rumfa: yadda ake neman izini a filayen itatuwa na Damagaram

Damagaram gari ne da ya zauna bisa dutse. Ruwan da ke zuwa famfunanmu daga nesa ake turo shi, daga Gogo-Machaya da Arunguza da Ganaram, damina kuwa daga Yuni zuwa Satumba ta tattara kayanta ta tafi. A irin wannan ƙasa, duk itacen da ya girma har mutum goma suka iya zama ƙarƙashinsa, to akwai wanda ya yi shekaru yana ɗauko masa ruwa a jarka, yana kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Shi ya sa doka ta tsaya wa itace, kuma shi ya sa nake goyon bayanta.

Mafi yawan waɗanda ke shiga rigima da ma'aikatan gandun daji a cikin gari mutanen kirki ne. Mai shago ne da reshen dogon yaro ya rufe masa ƙofa, ko magidanci da saiwa ta tsaga masa katanga, ko samari da suka kafa rumfar biki a filin unguwa. Sun yi abin da suke ganin haƙƙinsu ne, sai ga takardar kira. Ga hanyar da ya kamata su bi tun farko.

Fara da sanin ko wurin na wa ne

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali shi ke nuna maka ƙofar da za ka buga. Itacen da ke cikin gidanka ko cikin gonarka hukuncinsa daban. Wanda ke bakin titi, ko a shataletale, ko cikin lambun shaƙatawa, ko a filin da aka ware wa unguwa lokacin da aka yanka filaye, wannan yana hannun ma'aikatar magajin gari, wato meri, ko da kuwa kakanka ne ya dasa shi a ƙofar gida. Wanda ke harabar lakwal ko gidan likita ko wata ma'aikata, shugaban wurin ne zai nemi izini, mai gadi ba shi da ikon ba ka. Sai kuma dazuzzukan gwamnati, irin gandun dajin Takeita da ke kan hanyar Maraɗi, kimanin kilomita 50 yamma da gari, da burtali da makiyaya da bakin tafki, waɗanda kowa ke da rabo a cikinsu amma babu mai ikon mallake su.

Ka fara da mai unguwa. Shi ya san tarihin fili, ya san wanda ya dasa, ya san ko an taɓa rigima a kansa. Ka je da safe ko bayan la'asar, ku gaisa yadda ya kamata, sannan ka ce: "Ranka ya daɗe, filin nan na bayan masallaci, na jama'a ne ko yana da mai shi?" Amsarsa za ta rage maka rabin tafiya, amma ba ita ce takarda ba. Daga nan ka wuce meri. Birnin Zinder, wato Damagaram, ya kasu gundumomi 5, kowace da ofishinta, ka je ta unguwarku ka nemi sashen filaye a duba maka taswirar lotisma, wato ta yankan filaye. A nan ake ganin ko wurin fili ne na wani, ko hanya ce, ko kuwa an ware shi don itatuwa. In abin a wajen gari yake, hukumar filaye da ake kira Kofo ce ke da bayani, wadda ta samo tushe daga dokar karkara ta 1993, kuma tana da rassa tun daga ƙauye har jiha ƙarama.

Bari in tsaya a nan in ja kunne. Filin da aka ware wa jama'a ba ya sayuwa. In dillali ya kai ka wani sarari mai itatuwa a tsakiyar unguwa, ya ce an fitar da shi yanzu-yanzu, farashi kuma da sauƙi, kada ka ba da ko dala sai ka ga lambarsa a taswirar meri da idonka. Unguwannin da suka rasa filayensu ta wannan hanya, yau yaransu a bisa kwalta suke buga ƙwallo, kuma ranar da aka tashi rusau mai ginin ne ke asara, dillali ya daɗe da cin nasa.

Abin da ba ya buƙatar takarda

Zama a inuwa, shimfiɗa tabarma, karatu, hirar fada da butar shayi, wasan yara, duk babu wanda zai tambaye ka izini, sai dai in wurin yana da ƙofa da lokacin buɗewa da kuɗin shiga, sai ka bi abin da aka rubuta. Masu shayi dai su sa gawayinsu cikin kurfoti ko murhun ƙarfe, nesa da gindin itace. Wutar da ake hurawa kullum a jikin gindi tana ƙona ɓawo, daga nan gara ta samu ƙofa, bayan ƴan shekaru iska ta kayar da shi a ce tsufa ne.

Dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta 8 ga Yuni 2004 ta amince wa mutanen da ke zaune kusa da daji da haƙƙin amfani na gargajiya. Ko a cikin gandun da aka killace, mace na iya tsintar busasshen itacen da ya faɗi don girkin gida, ana iya ɗiban ƴaƴan itace da ƙaro da ganyen miya da na magani, manomi na iya samun ƙotar hauya ko ta gatari. Sharaɗin shi ne don buƙatar gida. Da zarar ka ɗaure kaya za ka kai Kasuwar Dole, ka fita daga wannan haƙƙi ka shiga kasuwanci, kasuwanci kuma sai da takarda.

Masu sassaƙen magani ma su ji. Maɗaci ya fi kowane itace shan wannan wahala a bakin titunanmu. Wanda ya ɓantari ɓawo a gefe ɗaya, itacen zai warke. Wanda ya zagaye gindin da wuƙa ya yanke hanyar abincin itacen gaba ɗaya, ya kashe shi a tsaye, kuma a gaban doka ba shi da maraba da wanda ya sare.

Sara da rage rassa: nan ne aikin yake

Akwai itatuwan da doka ta ba kariya ta musamman tun dokar 1974, kuma kariyar ba ta faɗi ba da aka sabunta dokar. Cikinsu akwai gawo, kuka, tsamiya, goruba, giginya, aduwa, bagaruwa, maɗaci, ɗorawa, kaɗanya, danya, dakwara da gawasa. Waɗannan ko a gonarka suke, ka tuntuɓi ma'aikacin gandun daji kafin ka taɓa gindinsu. Tsofaffi na ba da labarin cewa a zamanin sarakunan Damagaram na da, wanda ya sare gawo ransa yake sayarwa. Yau ba a kai can ba, amma dalilin bai sake ba: gawo yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi ƴaƴa da inuwa lokacin da babu komai a ƙasa. Dogon yaro ba ya cikin wancan jeri, amma in a bakin titi yake ko filin jama'a, dukiyar gari ce, sai da izini.

Da farko ka tsayar da abin da kake so, domin rage rassa daban, sarewa daga tushe daban. Mutane da yawa na zuwa da buƙatar sarewa alhali reshe biyu ne ke damunsu. Mai neman rage rassa ya fi saurin samun biyan buƙata, kuma inuwarsa na nan. Ka ɗauki hoton itacen da waya, ka ɗauki ɓarnar da yake yi: tsagar katanga, reshen da ya kwanta bisa kwano, kogon da gara ta yi.

Sai takardar neman izini. Ko da yake tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, har yanzu takardun ofis da Faransanci ake rubuta su, don haka in ba ka iya ba ka nemi ɗan lakwal ko masu rubuta takarda na bakin meri. Gajeruwa ce, shafi ɗaya ya isa. A sa sunanka da unguwa da lambar waya, irin itacen da adadinsa, daidai inda yake, dalilinka, da ko rage rassa kake so ko sarewa. Ka faɗi abin da za a yi da itacen bayan an sare. Shawarata ka ƙara layi ɗaya cewa za ka dasa wani a madadinsa, ka kuma nufi hakan da gaske. Ka haɗa da kofin katin ɗan ƙasa, da na takardar fili in a gidanka ne ko gonarka, a liƙa tambur in an buƙata. Ka yi kofi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata. Wannan kofin shi ne shaidarka in takarda ta kwanta a wani teburi.

Ina za ka kai? Ma'aikatar muhalli tana da babban ofishi na jiha a nan Zinder, tana kuma da wakilai a gundumomi. Ka tambayi ofishin muhalli na gundumarku. In itacen na bakin titi ne ko filin jama'a, ka haɗa da meri, domin ita ce mai wurin, su kuma ƴan gandun daji su ne masu duba lafiyar itacen da ba da izinin sara. Tun 2024 kantomomi ne ke riƙe da kujerun magajin gari, to a rubuta takardar da sunan muƙamin wanda ke bisa kujera a lokacin.

Bayan haka ma'aikaci zai zo ya gani da idonsa. Ka kasance a wurin, kada ka aiko yaro. Zai zagaya gindin, ya duba ko akwai kogo, ya ga inda itacen ya karkata. Zai iya ce maka: "Alhaji, wannan lafiyarsa ƙalau. Ka cire wannan da wancan da suka hau kwano, sauran ka bar su." In ka ga bai lura da wani abu ba ka nuna masa cikin ladabi: "Shef, dubi nan ta bayan katanga, saiwar ta riga ta shiga ɗaki." Ka roƙi ya sa alama da fenti ko gawayi a rassan da ya yarda a cire, domin ranar aiki mai sara ba ya nan lokacin da aka yi maganar, kuma hannun mai gatari in ya ɗumama ba ya son tsayawa.

Kuɗin da za ka biya ya danganta da irin itacen da girmansa da abin da za a yi masa. Ka nemi a faɗa maka adadin, ka biya a ofis, ka karɓi rasit mai lamba da hatimi. Kuɗin da aka miƙa a gindin itace babu rasit bai sayi komai ba. Gobe wani ma'aikacin zai biyo ya ga kututture, ya tambayi takarda, kai kuma ba ka da abin nunawa. Ka karanta izinin kafin ka fita: adadin itatuwa, irinsu, wurin, da kwanakin da aka ba ka. Izinin itace ɗaya ba ya rufe na biyu, ko da suna jere.

Ranar aiki takardar ta kasance a aljihunka. In reshe ya kusanci wayar lantarki, ka sanar da kamfanin lantarki na NIGELEC su zo ko su yanke wuta, kada ka bar yaro ya hau da adda. A fara tsaga reshen daga ƙasa kaɗan, sannan a sara daga sama, don kada nauyinsa ya yage ɓawo har gindi. A yanke kusa da jiki amma ba a shafe ba, a bar ɗan kumburin nan da ke wuyan reshe, shi ne ke rufe ciwon. Ni ina ganin kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na rassa a lokaci guda. Askin ƙwal-kwabo da ake yi wa dogon yaro, a bar gindi tsirara, yana sa ya fito da tsirrai masu yawa marasa ƙarfi, su ne kuma ke karyewa in hadari ya taso.

Lokacin da ya fi dacewa ka shigar da takarda shi ne Maris ko Afrilu, kafin iskar farkon damina. Wanda ya jira sai hadari ya kayar da reshe bisa ɗakinsa ya makara. In hakan ta faru da dare, ka ceci mutane da dukiya, ka ɗauki hoto, da safe ka sanar da mai unguwa da ofishin muhalli. Itacen jama'a da ya faɗi bai zama na wanda ya riga zuwa da gatari ba.

Manoma na gefen gari da na ƙauyuka suna da wata ƙofa da ta fi faɗi. Sassaben zamani, wato barin tsirran da suka fito da kansu a gona a gyara su su girma, shi ya mayar da ƙasar Mirya da Matamai da Magarya dajin gawo, kuma a faɗin Nijar ana lissafin kimanin hekta miliyan 5 da aka farfaɗo da su ta haka. Dokar da aka sa wa hannu ranar 30 ga Yuli 2020 ta tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itatuwan da ya rena a gonarsa. Wannan babban ci gaba ne, domin a da tsoron tara ne ke sa mutum ya tumɓuke tsiro tun yana ƙarami kada ya zame masa rigima. Duk da haka, in babban itace za ka kayar, ka sanar da ma'aikacin gundumarku tukuna.

Masu sana'ar itace da gawayi

Tun dokar 21 ga Agusta 1992 aka tsara cinikin itacen girki da ke shiga manyan garuruwa. Tsarin shi ne ƙauyukan da ke kusa da daji su kafa kasuwar itace ta karkara, su sara bisa ƙa'ida da adadi, mai ɗauka ya saya a wurinsu, ya biya haraji, a ba shi takardar ɗauka. Wani kaso na harajin yana komawa ga ƙauyen da gundumar da gyaran dajin. Itacen da aka ɗebo daga dajin da ba a tsara ba harajinsa ya fi tsada, da gangan aka yi haka. In kana da amalanke ko mota kana son shiga sana'ar, ka je ofishin muhalli ka yi rajista a matsayin mai jigilar itace, sannan kowace tafiya da takardarta. Akwai shingayen bincike a mashigin gari, kuma takardar jiya ba ta raka kayan yau. A Takeita, tun ƙarshen shekarun 1990 mutanen ƙauyukan kewaye da makiyaya suka haɗu cikin ƙungiyar Ku Tayani suna kula da gandun tare da hukuma, don haka baƙo ya tambaye su kafin ya shiga da dabba ko gatari.

Ga magidancin da ke da hali, tukunyar gas ta fi itacen girki sauƙin sha'ani. Matatar mai ta SORAZ na nan arewa da gari tun 2011, gas kuma na cikin abin da take fitarwa.

Biki, wa'azi, wasa, da kafa tebur

In za ka tara jama'a a lambun gari ko filin unguwa, ko ɗaurin aure ne, ko walimar sauka, ko gasar ƙwallo ko kokawa, meri za ka nufa. Ka rubuta takarda da ranar da sa'o'in, da kimanin yawan mutane, da ko za a kafa rumfa da lasifika, da sunan wanda ya ɗauki nauyi. Ka ba da tazarar aƙalla mako guda, in lokacin bukukuwa ne bayan girbi ko gab da azumi ka ƙara, domin wani na iya riga ka. Babban taro yana buƙatar sanar da jami'an tsaro, kuma a halin da ƙasa ke ciki wannan ba abin wasa ba ne, ka tambaya a meri su faɗa maka ofishin da za ka ƙara bi. Maƙwabtan filin kuma a gaya musu ta bakin mai unguwa. Takardar hukuma ba ta hana tsohon da lasifika ta hana barci yin fushi.

A wurin taron, kada a buga ƙusa a jikin itace, kada a ɗaure igiyar rumfa a ƙaramin dashe, kada masu girki su kafa tukwane a gindi ko su zubar da ruwan zafi da mai a saiwa. Motoci da babura su tsaya daga waje. A tanadi buhuna na shara da yaran da za su share tun kafin a watse. Ledar ruwa da baƙar leda su ne abin da ke saura a fili bayan kowane biki, su toshe magudana, awaki su ci su mutu. Dokar da ta hana irin wannan leda na nan tun 5 ga Nuwamba 2014, ko da yake idonmu na shaida yadda ake binta.

Mai shayi ko mai tsire ko mai cajin waya da ke son kafa tebur a gefen lambu, izinin zama na wucin gadi zai nema a meri, ya riƙa biyan kuɗin wuri yana karɓar tikiti. Wucin gadi na nufin ranar da hukuma ta buƙaci wurinta za ka tashi. Saboda haka kada ka zuba siminti, kada ka ɗora bulo. Waɗanda suka ga gyaran gari na Zinder Sabuwa kafin bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2018 sun san yadda rumfunan bakin titi ke ƙarewa in aiki ya biyo ta kansu.

Dabbobi, ciyawa da tafki

Akuya ɗaya na iya cinye dashen shekara guda cikin hantsi. Sakin dabbobi su yi yawo cikin gari laifi ne, ana kama su a tsare, sai an biya a karɓa. A karkara, ranar sakin gonaki hukuma ce ke tsayar da ita kowace shekara bayan girbi, makiyayi ya saurari sanarwa, manomi kuma kada ya cinye burtali da shuka. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta kare burtali da makiyaya da mashaya, ta kuma sa ɗiban ciyawa a makiyaya don sayarwa ƙarƙashin izinin magajin gari. Wurin da aka killace don farfaɗo da ƙasa, inda za ka ga ramukan rabin wata da ƙananan dashe, ba a shiga da dabba sai kwamitin wurin ya buɗe.

Tafkunan cikin gari da kewaye su ne ke shanye ruwan sama in an yi mamako. Cike bakinsu da shara don a samu filin gini shi ke mayar da ruwa cikin gidaje. Mai son buga tubali ko ɗiban yashi da laka da yawa ya tambayi meri inda aka yarda. Tafkin Gidimuni da na Lasuri suna cikin jerin wurare masu dausayi na duniya da ake kira Ramsar, kamun kifi na sana'a a irinsu sai da lasisi daga ma'aikatar muhalli.

Farauta kuwa gajeren zance ne. Dokar 29 ga Afrilu 1998 ta ce sai da lasisi, a lokacin da aka buɗe, kuma ban da wuta da guba da fitilar dare da bi da mota. Gandun Termit da Tin Tumma, wanda aka kafa a 2012 a arewa maso gabashin jiha, ba a shiga sai da izinin masu kula da shi. Ɗan barewa ko kunkuru da aka kawo maka kasuwa, kada ka saya.

In an riga an kama ka

Ma'aikatan gandun daji masu kaki ne da suka yi rantsuwa, doka ta ba su ikon rubuta laifi da riƙe gatari da itacen da abin da aka ɗauko shi da shi. Kada ka yi gardama a titi, kada ka tara musu jama'a. Ka nemi a tafi ofis, a rubuta abin da ake tuhumarka da shi, a lissafa kayan da aka riƙe a takarda. Laifuffuka da yawa ana iya sasanta su a ofis ta biyan tara ba sai an je gaban alƙali ba, amma sasantawar ma da rasit take. In kana ganin an zalunce ka, ka ɗauki mai unguwa ko wani dattijo ku ga shugaban ofishin, in bai warware ba ku wuce ofishin jiha. Hoton da ka ɗauka da kofin takardarka mai hatimi a nan suke amfani.

In kai ne ka ga ana ɓarna, ana sare itatuwan layi da dare ko ana auna filin unguwa da igiya, ku je ku uku ko huɗu wurin mai unguwa, ku rubuta takarda ɗaya ku sa hannu, ku kai meri da ofishin muhalli a rana ɗaya. Ƙorafin mutum guda ana iya cewa gaba ce tsakaninsa da wani, na jama'a yana da wuyar turewa.

Wanda ke son dasawa

Dashe a bakin titi ko filin jama'a ma yana son a sanar da meri, don kada ka dasa bisa bututun ruwa, ko ƙarƙashin wayar lantarki, ko inda za a faɗaɗa hanya. Fada ko ƙungiyar mata da ke son ɗaukar nauyin wani fili su nemi yarjejeniya a rubuce, wadda ta faɗi wa zai ba da ruwa, wa zai tsare, wa kuma zai amfana da ƴaƴa da rassa in sun girma. Ana samun irin dashe a wuraren renon itatuwa na ma'aikatar muhalli da na masu zaman kansu, musamman gab da 3 ga Agusta, ranar da Nijar ta mayar ta dashen itace tun 1975. Sai dai kada ka jira ranar biki in ƙasa ta riga ta jiƙa, dashen Yuli ya fi samun ruwan sama kafin rani.

Ka haƙa rami mai zurfi da faɗin kamu ɗaya, ka gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ka yage ledar da ke gindin dashen kafin ka binne. Ka nisanta shi daga katanga da aƙalla taku huɗu in dogon yaro ne, domin saiwarsa na tafiya. A kewaye shi da tubali mai ramuka ko ragar waya da ta kai ƙirjin mutum tun ranar farko. Ruwan alwala da na wanke hatsi sun isa su raya shi, ban da ruwan omo. Ranin farko da na biyu su ne masu wuya, daga Maris zuwa Mayu a ba shi bokiti guda duk kwana biyu ko uku, da yamma in rana ta yi sanyi.